Tafinta a Cikin Aljihu: Nazari a kan Fassarar Na'ura da Riƙon Sirri a Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Duk inda mutum biyu suka haɗu ba sa jin harshen juna, tilas a nemo na uku. Wannan na ukun shi ake kira tafinta, kuma tun da can Bahaushe ya san aikin tafinta bai tsaya ga juya magana kaɗai ba, har da riƙon amana, domin zancen da ya shiga kunnen mutum uku ya tashi daga sirri sai fa in na ukun ya ga damar rufewa. A zamanin Turawa, talakan da ya kai kuka gaban Di'o ba da Di'o yake magana ba, da tafinta yake yi, kuma abin da tafinta ya ga dama shi ke isa. Haka nan wanda aka aiko wa takarda da boko alhali bai yi karatu ba, sai ya kai wa malamin makaranta ko marubucin wasiƙa na bakin gidan waya. Zai ji abin da ke cikin takardarsa, amma fa ba shi kaɗai zai ji ba.

Wannan maƙala za ta duba wani sabon tafinta, watau na'urar da ke fassara shafukan intanet a cikin waya ko kwamfutar mai karatu, ba tare da an aika da rubutun ko'ina ba. Za a bayyana yadda take aiki, sannan a auna ta da halin da ake ciki a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, a ga abin da za ta iya yi wa mutanen wurin da abin da ba za ta iya ba. Daga nan sai a zo ga tambayar da ta fi shafar ɗalibin Hausa: in an samu irin wannan tafinta, wace Hausa zai ji, kuma wa zai koya masa ita?

2.0 Hanyoyi Biyu na Fassarar Na'ura

Manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita ana kiranta burauza, kamar Chrome da Firefox da Opera. Tun shekarar 2010 Chrome ke tayin fassara shafi idan ta ga harshensa ya saɓa da na mai karatu. An sa Hausa cikin harsunan Google Translate a watan Disamba na 2013, kamfanin Microsoft kuwa ya sa ta cikin nasa a 2023. Saboda haka fassarar na'ura zuwa Hausa ba baƙuwa ba ce.

Abin da yawancin masu amfani da ita ba su lura da shi ba shi ne inda ake yin aikin. A hanyar da aka saba, idan mutum ya taɓa alamar fassara, sai burauza ta kwashi rubutun shafin ta aika da shi ga manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, can a fassara, a maido masa. Duka wannan ba ya wuce ƙiftawar ido in sabis na da ƙarfi, shi ya sa ake zaton a cikin wayar aka yi. Ke nan tafintan yana can nesa, kuma ya ga duk abin da aka ba shi, ko labarin wasan ƙwallo ne, ko saƙon da ke cikin akwatin wasiƙun mutum, ko bayanin wata cuta da mai karatu bai faɗa wa kowa yana da ita ba. Kamfanoni suna da ƙa'idojinsu game da abin da suke ajiyewa da wanda suke sharewa, sai dai mai waya ba shi da hanyar leƙawa ya tabbatar, yarda kawai zai yi. An kuwa taɓa ganin inda yardar ta ci tura. A shekarar 2017 gidan rediyo da talabijin na ƙasar Nowe, NRK, ya bankaɗo cewa takardun da wasu suka fassara a shafin Translate.com, har da na kamfanin mai na Statoil, suna nan a fili, duk wanda ya bincika zai gan su.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauko tafintan a kawo shi gida. Mai karatu zai sauke wani ƙunshi sau ɗaya, watau abin da na'ura ta koya game da harsuna biyu, ya zauna a cikin wayarsa. Daga ranar, duk shafin da za a fassara, ƙwaƙwalwar wayar ce za ta yi aikin, rubutun ba ya fita.

Wanda ya fi shahara a wannan hanya shi ne aikin da aka laƙaba wa suna Bergamot, wanda Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa, aka fara a 2019. Jami'o'in Edinburgh da Sheffield na Birtaniya, da Jami'ar Charles ta birnin Prague, da Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya su suka haɗa hannu da Mozilla, masu burauzar Firefox. A 2022 aka fito da shi a matsayin ƙari wanda mai so zai ɗora da kansa, a watan Satumba na 2023 kuma aka saka shi cikin jikin Firefox ta 118. Harsuna 9 aka fara da su, dukkansu na Turai. Babu Hausa a ciki, babu wani harshen Afirka.

Wahalar aikin ita ce girma. Na'urar da ta ƙware a fassara tana da nauyi ƙwarai, waya ba ta iya ɗauka. Dabarar da aka yi ta yi kama da ta makarantar allo. Sai a fara horar da babbar na'ura, a kira ta malami, ta hanyar nuna mata jimloli masu ɗimbin yawa tare da fassararsu. In ta ƙware, sai a sa ta fassara wasu jimlolin masu yawa, a ɗauki aikinta a koyar da ƙaramar na'ura, watau almajiri. Almajirin ba ya kai malaminsa, amma yana kusantarsa, ga shi kuma mara nauyi. Daga nan a sake matse lissafin da ke cikinsa har ƙunshin ya dawo 'yan gomomin megabait, abin da bai kai nauyin ɗan gajeren fim ba. Akwai kuma wata dabara ta tsimi: maimakon a yi ƙunshi ga kowane harsuna biyu, sai a mai da Ingilishi mahaɗa. Mai son fassara daga Faransanci zuwa Jamusanci, za a juya masa zuwa Ingilishi tukuna, sannan daga Ingilishi zuwa Jamusanci. Za a ga illar wannan a gaba.

3.0 Arewacin Zamfara a Matsayin Ma'auni

Ƙauran Namoda gari ne da ya daɗe da sanin baƙi da baƙin harsuna, tun da nan ne layin dogon da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tsaya a 1929. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983 ta ƙara tara ɗalibai waɗanda kusan duk abin da za su karanta da Ingilishi yake. Shinkafi kuwa kasuwarta ta Alhamis ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, Zurmi kuma ƙasarta ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda takardun makaranta da na asibiti da na kwastan suka daɗe ana rubuta su da Faransanci. Saboda haka buƙatar tafinta a wannan yanki ta fuska biyu ce, ta Ingilishi da ta Faransanci.

A ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a toshe hanyar sadarwar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ambata da farko. An maido wa Gusau sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da zama cikin shiru har makonni bayan haka. A daidai wannan lokaci an kuma rufe kasuwannin mako-mako. Duk wani tafinta da ke zaune a ƙetare ya zama kurma ga mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi a waɗannan kwanaki, ko da wayar mutum cike take da caji.

A nan ya kamata a yi hattara kada a yi wa sabuwar hanyar kirarin da ba nata ba. Fassara a cikin waya ba ta kawo shafi daga intanet in babu sabis. Abin da za ta iya shi ne fassara abin da ya riga ya shigo, kamar shafin da aka adana tun sabis na nan, ko wanda wani ya tura wa mutum waya da waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da aka saba musayar karatu da waƙoƙi da finafinai a rumfar masu caji ba tare da data ba, amma ba shi ne maganin rufe layi ba. Amfaninta na kullum ya fi bayyana a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa: shafi ya samu ya buɗe da ƙyar, to ba sai an sake jiran wata tafiya da dawowa ba kafin a fahimci abin da ke cikinsa, ba kuma a ƙara kashe data.

Maganar sirri kuma tana da fuskar da ta bambanta da ta Turai. Abin da Bature ke gudu shi ne kamfani ya tara bayanansa ya sayar wa masu talla. Wannan tsoron yana nan a Nijeriya ma, shi ya sa aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023. Amma ga mutumin Zurmi, kunnen da ya fi tsoro ba a Amurka yake ba, yana nan kusa. A ɗauka wani ɗan kasuwa ya sami saƙo da Ingilishi cewa kuɗin shanun da ya sayar sun shiga asusunsa, ko wata mata ta sami sakamakon gwaji daga asibiti. In ba su jin harshen, sai su miƙa wayar ga wani ya karanta musu. A ƙasar da sanin cewa wane ya sami kuɗi yau kan iya jawo masa baƙin dare, miƙa wayar nan ba abin wasa ba ne. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ba kowane mai karanta wa mutane saƙo ne ya riƙe wannan ba. To, kowace irin fassarar na'ura tana raba mutum da kunnen kusa. Fifikon wadda ake yi a cikin waya shi ne ta raba shi da na kusa da na nesa gaba ɗaya.

Ba a rasa abin da aka fara samu ba. A watan Janairu na 2023 Google ya sa Hausa cikin harsuna 33 da ya ƙara waɗanda ake iya sauke ƙunshinsu a manhajar Google Translate a yi fassara babu sabis. Sai dai wannan manhaja ce mai zaman kanta, mutum zai kwafo rubutu ya zuba mata, ba burauza ce ke juya shafi sukutum a gaban idonsa ba. Sannan akwai ƙarfin wayar kanta. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno da suka cika hannun jama'a ba su da yalwar ma'aji, kuma duk aikin da aka ɗora wa ƙwaƙwalwar waya batir ne ke biya, a garuruwan da ake biyan kuɗi kafin a yi caji.

4.0 Wace Hausa Tafintan Zai Ji?

Na'ura ba ta san nahawu ba kamar yadda ɗalibi ya san shi. Abin da aka nuna mata shi take kwaikwayo. Jimlolin Hausa masu fassara da ake samu a intanet kuwa mafi yawansu daga littattafan addini suke da labaran kafofin watsa labarai, kuma da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda aka gina bisa karin Kano tun zamanin Hukumar Fassara ta 1929 da Hukumar Talifi ta Zariya, ta ƙara kafuwa da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. In daga Ingilishi za a juyo zuwa Hausa, wannan ba matsala ba ce sosai, domin Bazamfare yana jin Hausar rediyo sarai. Matsalar tana tasowa ne in shi ne ya yi rubutun. A dubi waɗannan misalai:

(a) Yaron da yaz zo jiya ɗanai na. (Yaron da ya zo jiya ɗansa ne.)
(b) Mutanen da sunka tahi ba su komo ba. (Mutanen da suka tafi ba su dawo ba.)
(c) Mi kaka so? (Me kake so?)
(d) Shina kwana. (Yana barci.)

A misali na (a), na'urar da ta saba da "ne" za ta ɗauki "na" ta ƙarshe a matsayin mallaka, ta yi ta jiran sunan da ba zai zo ba. A misali na (b) da (c) siffofin kalmomin ne baƙi a wurinta, tana iya tsallake su ko ta yi kame-kame. Na (d) shi ya fi haɗari, domin kalmar "kwana" sananniya ce gare ta, sai dai da wata ma'ana, don haka za ta ba da fassara mai santsi wadda ba daidai ba, mai karatu kuma ba shi da alamar da zai gane an yi kuskure. Haka "ɗiya" take, wadda a yamma kan nufi 'ya mace, ta kuma nufi 'ya'ya gaba ɗaya, karin sauti ne ke bambanta su, shi kuwa ba a rubuta shi.

Wannan ya kawo ga lalurar rubutun boko kansa. Tun da ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, "gari" na iya zama na zama ko na tuwo, "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Mai karatu Bahaushe yana warware wannan daga muhallin magana ba tare da ya ma lura ba, babbar na'ura ma takan yi ƙoƙari, amma almajirin da aka matse don ya shiga waya shi ya fi saurin tuntuɓe. Daɗin daɗawa, yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata", "baƙi" ya haɗu da "baki". Ko sunan Ƙauran Namoda bai tsira ba, tun da "ƙaura" tana nufin tashi daga gari, tana nufin irin dawa, tana kuma nufin sarauta. Tsallaken iyaka kuma an saba rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, duk da tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, ita kuwa na'ura kalmomi biyu dabam take gani.

Sai illar mai da Ingilishi mahaɗa. Hausa tana bambanta "kai" da "ke" da "ku", Faransanci yana bambanta wanda aka saba da shi da wanda ake girmamawa, Ingilishi kuwa wakilin suna ɗaya tak gare shi a wannan gurbi. Takardar da aka rubuto daga Maraɗi cikin ladabi, in ta bi ta Ingilishi, ladabin ya zube a hanya, sai na'ura ta yi canke tsakanin "kai" da "ke". Ta haka dattijuwa kan wayi gari ana ce mata "kai". Tafinta biyu ke nan a jere, na biyun bai ji abin da aka faɗa wa na farko ba.

5.0 Wa Zai Koya Masa?

A nan ne sirri da ƙwarewa suke karo da juna, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ɗalibin fassara ya tsaya ya yi tunani a kai. Tafintan da ke zaune a kamfani yana da damar ƙaruwa da abin da ke ratsawa ta hannunsa da gyaran da jama'a ke yi masa. Wanda ke cikin aljihu kuwa an toshe masa wannan ƙofa da gangan, ba ya kai rahoto, don haka kuskuren da ya yi a Shinkafi a Shinkafi zai tsaya, ba mai ji balle ya gyara. Ba zai san Zamfarci ba sai in an koya masa tun kafin a rufe ƙunshin, da jimlolin da masu su suka bayar da yardarsu.

Akwai waɗanda suka fara share fage. Ƙungiyar Masakhane ta masu bincike 'yan Afirka, wadda ta kafu a 2019, ta tattara jimlolin labarai masu fassara cikin harsuna da dama har da Hausa. An sa Hausa da Ingilishi cikin gasar fassarar na'ura ta WMT a 2021, kamfanin Meta kuma ya sa Hausa cikin harsuna 200 na aikinsa na NLLB a 2022. Manhajar Bergamot ita ma a buɗe take, kowa na iya ɗauka ya horar da ita da harshensa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan koyarwar, musamman na karin harshen yamma da na harkokin yau da kullum, irin su cinikin dabbobi da noman gero da ganin likita.

Sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya da Gusau suna zaune a kan dukiyar da ba su ƙirga ba. Kowace shekara ɗalibai suna komawa garuruwansu su ɗauko hirarraki da tatsuniyoyi da kalmomin sana'o'i, su rubuta, a ɗinke kundi, a jera a kanta ƙura ta rufe. Da za a riƙa rubuta kowace jimla sau uku, yadda aka faɗe ta, da daidaitacciyar Hausa, da Ingilishi ko Faransanci, a adana a kwamfuta da ƙugiyoyinta cikakku, da an sami abin da Bargery ya yi wa ƙamus a 1934, lokacin da ya riƙa nuna kalmar da ta fito daga Sakkwato ko Katsina ko Gobir. Aikin ba ya son gaggawa, domin jimla dubu da aka tace ta fi dubu goma da aka kwaso da tsakuwa, tun da almajiri kuskuren malaminsa yake haddacewa.

Sharaɗi guda ne ba a tsallakewa. Zamfarci mafi tsabta a rubuce yana cikin saƙonnin da mutane ke aika wa juna a waya, su ne kuwa ainihin abin da aka ƙirƙiro wannan hanya don a kare. Mai bincike ba shi da izinin kwasar su. Hirar da aka ɗauka a Zurmi ko Moriki ma, kafin ta shiga kowane rumbu, sai an gaya wa mai maganar inda za ta, ya yarda, sannan a cire sunansa da na ƙauyensa da duk abin da zai nuna yawan dabbobinsa ko ranar da yake zuwa kasuwa. Bayan wannan akwai shawarar da malaman nahawu ne kaɗai za su yanke, watau yadda za a rubuta nannagen baƙi irin na "yaz zo" da "tat tahi", da "hw" ta "hwara" da "hwata", domin in ɗalibai goma suka rubuta su ta hanyoyi goma, na'ura kalmomi goma za ta ɗauka.